Bakan Bature a Rumfar Ɗanliti

A Sabo ta Badun, bayan layin 'yan goro, akwai wata rumfar kwano da ba a sayar da komai a cikinta sai kwari da baka. Mai ita sunansa Ɗanliti. Maharbi ne daga ƙasar Zamfara. Ya sauko Kurmi da ƙarfinsa, ya tsufa a nan. Bai taɓa sassaƙa sabon baka don sayarwa ba. Na hannu yake saye: na mai gadin da ya gaji zai koma gida, ko na mamacin da magada suka rasa yadda za su yi da kayansa. Sai ya gyara, ya sayar wa wani mai gadin. A zamanin nan da wuya ka ga sito ko gidan mai hali a Badun ba ka ga Bahaushe a ƙofarsa da kwari a kafaɗa ba, saboda haka sana'ar tana ciyar da shi.

Yana da ƙa'ida, kuma ba ya tsallake ta. Duk bakan da ya shigo hannunsa, sai ya kwance tsohuwar tsirkiya ya yar, ya murɗa sabuwa ta fata. Kibau kuwa sai ya tura kawunansu cikin garwashi, don bai san irin dafin da mai su na fari ya shafa ba. Daga nan ya zagaya bayan rumfa, inda ya jingine kututturen ayaba da garu. Ya ƙirga taku talatin, ya harba kibiya uku. In duka ukun sun shige sun tsaya, sai ya ɗaura shuɗin zare a ƙasan mariƙi, ƙulli uku. In ɗaya ta kasa, bakan ya zama itacen girki. Shekara talatin da 'yan kai ba wanda ya taɓa dawo masa da baka mai shuɗin zare. Har Yarabawa masu ɗaukar gadi sun san zaren, shi suke fara dubawa kafin su dubi fuskar mutum. Shi ya sa ake ce masa Sarkin Baka, ko da yake ba wanda ya naɗa shi.

Da daminar shekarar da aka fara yaƙin basasa, labari ya zo cewa sojojin Biyafara sun iso Ore. Ore kuwa ba wata tafiya ba ce daga Badun. Tsoro ya shiga Sabo. Cikin kwana huɗu rumfar Ɗanliti ta koma wayam. 'Yan goro sun saya, mahauta sun saya, har teloli da ba su san gaban kibiya da bayanta ba. Nasa na kansa ya ba masu tsaron masallaci aro. Ko da zai sassaƙa sabo, gora ba ta zuwa daga Arewa, motoci suna can suna jigilar soja. Kuma ba mai gadin da zai rabu da bakansa a irin wannan lokaci.

Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Ya'ya biyar suka haifa, ɗaya ta rayu, Lailatu, wadda yake kira Auta. Gida biyu ne tsakaninsu. Kullum da an kira magariba za ta zo masa da kwanon tuwo, 'yan matanta biyu na biye da ita suna faɗa a kan wadda za ta riƙe murfi. Mijinta Hadi ɗan dako ne, huhunan goro yake ɗauka daga tasha. Bayansa ya riƙe, wata uku ke nan bai ɗora komai a kansa ba.

Ranar Laraba da hantsi Hadi ya zo. Ya cire takalmi, ya tsuguna daga bakin rumfa, idonsa a ƙasa.

"Baba, an ce Alhaji Salawu mai koko yana neman mai gadin sitonsa na Dugbe. Ranar Asabar zai gwada mutane. An ce kowa ya zo da bakansa."

"Ka iya harbi?"

"Na yi farauta a gida kafin in sauko."

"Na ji. Bakan ne babu."

Hadi ya murza yatsun ƙafarsa a ƙasa. Can ya ce, "To, Baba, in wannan bai yiwu ba, na riga na aika wa yayana. Akwai gona a gida. Jirgin Laraba mai zuwa za mu bi."

Za mu. Ɗanliti ya ji kalmar, ya san su wa ke cikinta. Mutum ba ya bin 'yarsa ya tare a gidan surukai. A garinsu kuwa duk wanda ya san shi yana ƙasa. In sun tafi, sun tafi ke nan.

"Jeka," ya ce. "Zan duba."

Ya duba. Ya bi masu gadi bakwai da ya sani, kowa ya ba shi haƙuri.

Washegari Alhamis sai ga Manniru. Manniru kuku ne, mutum mai shekara arba'in, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi wa wani Bature malamin jami'a girki. Da yaƙi ya matso Baturen ya kwashe iyalinsa ya tafi, ya bar masa tarkace. Cikin tarkacen har da wata doguwar jaka ta tamfol. Ita ya shimfiɗa a gaban Ɗanliti ya kwance.

Baka ne, amma ba irin wanda ya sani ba. Tsakiyarsa itace ne mai nauyi, an sassaƙa masa gurbin hannu. Sama da ƙasa faffaɗa ne, sirara kamar takobi, suna sheƙi, an manne itace da wani abu mai kama da gilashi. Kowane ƙarshe ya lanƙwashe kamar ƙahon rago. Tsirkiyarsa ta zare ce, tana gefe a naɗe. Ga kibau shida, kowace da gashin tsuntsu a gindi.

Babandi wanzami, wanda rumfarsa ke manne da ta Ɗanliti, tsaransa kuma abokin tsiyarsa, ya bar mutum da rabin aski ya leƙo. Mai rabin askin ma ya biyo shi. Kafin a jima mutane sun taru.

"Kibiya da gashi!" in ji Babandi. "Da kanta take tashi ke nan, ko sai an watsa mata tsaba?"

Ɗanliti ya juya bakan a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya shinshina.

"Namu gora ce guda," ya ce, "yadda Allah ya tsiro da ita. Ba manni. Kibiyarmu kyauro ce tsirara, nauyinta a kai. Ka matsa kusa ka harba, dafi ya ƙarasa. Wannan kuwa kayan ado ne. A bango ake rataye shi."

"Wallahi, Sarkin Baka, ba ado ba ne," in ji Manniru. "Kowace Lahadi oga yana harbi da shi a bayan gida. Daga nan zuwa ƙofar masallacin can yake tsayawa, ya sa kibiya a tsakiyar faifan ciyawa. Ni nake tsinto masa su. Wani lokaci sai na sa ƙafa na dafe kafin in zare."

"To."

"Ai wannan ma ya ce ya kusa zama tsohon yayi. Ya nuna mini hoton wani sabo a mujalla, daga Amurka. Shi da 'yan tayoyi yake, sama da ƙasa, igiya tana zagaye su. Ya ce wannan na hannunka, iyakar ja iyakar nauyi, sai mai kafaɗa. Mai tayar kuwa da farko yake da tauri. Kana kai shi kunne sai ya yi sauƙi, ka riƙe shi kana hira har abin harbin ya tsaya maka."

Wuri ya kaure da dariya.

"Baka mai taya!" in ji Babandi yana riƙe da ciki. "Ƙararrawa fa, ba a sa masa ba? Ko hawa ake a tuƙa shi zuwa daji? Manniru, gaya mana gaskiya, cikin tarkacen da oga ya bari har da kwalabe?"

Ɗanliti bai yi dariya ba. Ya ce, "Bakan da ke yin sauƙi in an ja shi, karyayye ne." Daga nan ya ajiye Manniru cikin masu ƙarin gishiri.

Amma baka baka ne, kuma Asabar jibi ce. Suka yi ciniki a taƙaice, ya biya. Ya warware tsirkiya, ya maƙala ta a ƙasa, ya kafa gindin bakan a ƙasa, ya sa gwiwa a tsakiya zai bi lanƙwasar yadda ya same ta.

"A'a, Baba, ba ta nan ba," in ji Manniru. "Oga juya shi yake. Ta bayan lanƙwasar yake tanƙwara shi. Sai ya sa ƙafa a tsakani, haka."

"Ta baya."

"Ta baya, wallahi."

"Kai, shekara nawa ka yi kana harbi?"

"Ban taɓa ba, Baba. Gani nake yi."

"Ni tun kana goye nake ɗaura tsirkiya. Baka ta inda ya sunkuya ake binsa. Ka tanƙwara shi ta baya ka ji ƙas, ka tashi da guntu biyu a hannu. Koma wa dankalinka da ƙwai."

Aka sake dariya. Manniru ya naɗe jakarsa, ya koma gefe.

Nan Ɗanliti ya yi kuskure, kuma irin kuskuren da sai gwani ke yi. Duk bakan gora da ya taɓa riƙewa haka yake, in ya daɗe yana aiki sai ya sunkuya ta wajen tsirkiya, ta nan kuma ake ɗaure shi. Na Baturen kuwa da gangan aka ƙera shi a juye. Ƙarfinsa duka yana cikin wannan tanƙwarawa ta baya. Kuku gaskiya ya faɗa. Sai dai ya riga ya kawo zancen taya, an yi masa dariya, dariyar ta haɗa maganar biyu ta cinye.

Tsirkiya ta hau ba wahala, tana reto. Ɗanliti ya ce, "Ko tsawonta ba su auna ba." Ya cire ya murɗe ta har ta gajarta, ya mayar. Ya riƙe mariƙin, ya ji bai zauna masa a tafi ba, tudun yana inda ya kamata rami ya kasance. Ya ce, "Hannun Bature daban ne."

Jama'a suka bi shi bayan rumfa. Hadi ma ya ji labari ya zo, ya tsaya can baya. Ɗanliti ya ƙirga taku talatin, ya ɗana kibiya, ya ja, ya saki. Ta tafi a sanyaye, ta faɗi ƙasa kafin ta kai kututture.

"Wannan gwajin tsirkiya ne," ya ce. "Ba ta cikin uku."

Bai taɓa faɗin haka ba a rayuwarsa. Babandi ya dube shi.

Ya ƙara murɗe tsirkiyar. Ya ɗaga hannu sama kaɗan ya harba. Ta kai, ta shiga kamar gaɓar yatsa, ta sunkuyar da gindi. Ta biyu haka. Ta uku ta shiga, ta yi rawa, ta tsaya da ƙyar.

"Ya ci?" in ji Babandi.

Ɗanliti ya san bai ci ba. Hannunsa ya gaya masa tun jan farko: baka mai wannan nauyi bai kamata ya yi laushin nan ba. Ya ga Manniru a gefe da jaka a hammata. Ya ga Hadi a baya yana leƙe ta kafaɗun mutane. In ya ce bai ci ba, ko dai ya gwada hanyar kuku a gaban jama'ar nan, ko ya sallami surukinsa hannu rabbana. Ya sa hannu a aljihu ya ciro zaren.

"Ya ci," ya ce. "Ba shi da zafi sosai. Amma ɓarawo za a harba, ba ɓauna ba."

Ya yi ƙulli uku, ya miƙa wa Hadi.

Da magariba Lailatu ta zo da kwano, fuskarta a sake.

"Baba, an ce na Turawa ka samo masa. Tun ɗazu yake goge shi da tsumma, ya hana yaran nan taɓawa. Har ya daina zancen jirgi."

"Ajiye kwanon, Auta."

"Miyar kuka ce, da man shanu. Na san ka gaji da ta ganyen nan nasu."

"Na ce ajiye."

Ta ajiye ta tafi. Ya yi loma uku ya rufe.

Yana da yini guda cur a hannunsa, ranar Juma'a. Da aka sauko daga masallaci ya yi kiciɓis da Manniru a ƙofa, suna neman takalma. Suka gaisa. Maganar ta zo masa har baki: zo ka nuna mini yadda ogan naka ke yi. Sai ya hangi Babandi yana tahowa da darduma a kafaɗa. Ya haɗiye ta, ya sa takalminsa ya wuce.

Ranar Asabar da safe ya raka Hadi Dugbe, abin da bai taɓa yi wa mai saye ba. Ya tsaya nesa, gindin wata bishiyar mangwaro. Alhaji Salawu Bayarabe ne, amma ya yi ƙuruciyarsa a Kano, Hausa a bakinsa kamar ta gida. Ya sa leburori suka jingine buhu cike da ɓawon koko a jikin bango. Mutum uku suka zo neman aikin. Na farko ya harba kibiya biyu, ya sa ɗaya, ya zubar da ɗaya. Na biyu, wani dogo mai suna Ladan, ya sa duka biyun a cikin buhu. Bakansa ma daga rumfar Ɗanliti ya fito, shekara huɗu da suka wuce.

Aka zo kan Hadi. Alhaji ya karɓi bakan ya juya shi, ya ga zaren.

"A'a! Na Turawa, kuma da zaren Sarkin Baka? Malam, kai ka zo da shiri. Bismilla."

Bayan Hadi ne ya lalace, damatsansa na nan, damatsan mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana cicciɓar huhu. Ya ɗana, ya ja da gaske, ya wuce inda tsoho ya iya kaiwa. Gurbin tsirkiya ba ta wannan gefen aka yanka shi ba. Ta suɓuce daga sama, ta zabge shi a fuska daga kunne har leɓe. Bakan ya yi tsalle ya bar hannunsa. Kibiya ta faɗi a kan ƙafarsa.

Leburori suka fashe da dariya. Wani ya yi masa sannu da Yarbanci, "Pele o, Malam!" Wani ya kama kunci yana kwaikwayonsa. Jini ya biyo gemun Hadi yana ɗiga a riga.

Alhaji Salawu bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya ɗauki bakan, ya daɗe yana duban ƙullin nan uku. Ya ɗago ya dubi gindin mangwaro. Sannan ya juya ya ce wa Ladan, "Aiki naka ne. Ka zo da yamma."

A hanya Hadi yana dafe da kunci da hularsa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Hannuna ne. Na daɗe ban ja ba, na kunyata kayanka."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Ɗanliti ya karɓe bakan daga hannunsa.

"Ba hannunka ba ne. Je gida a wanke maka da ruwan gishiri."

Bai biya rumfa ba. Ya miƙe Mokola, inda Manniru ya kafa teburin shayi tun da aikinsa ya ƙare. Mutum huɗu na zaune a benci. Ɗanliti ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Manniru, taso ka nuna mini."

Manniru ya dubi bakan da tsirkiyar da ke lilo, ya gane. Ya rage murya. "Baba, mu zagaya baya, ba kowa a can."

"A'a. A inda na ƙaryata ka, a nan za ka nuna mini."

Ya sa shi gaba har Sabo. Ya leƙa rumfar wanzami ya ce, "Babandi, ajiye askar nan ka zo. Duk wanda ya yi dariya shekaranjiya a kira shi."

Suka taru. Labarin Dugbe ya riga su isowa. Ɗanliti ya warware murɗin da ya yi wa tsirkiyar har ta koma tsawonta. Manniru ya juya bakan, ya nuna masa: ƙarshen ƙasa a maƙale a gaban idon sawun hagu, ƙafar dama ta ratsa tsakanin baka da tsirkiya, mariƙi a bayan cinya, hannu ya turo ƙarshen sama gaba.

"Tura, Baba."

Ya tura. Bakan ya ƙi. Duk jikinsa yana gaya masa yanzu zai ji ƙas.

"Ƙara. Ba zai karye ba. Na ga an yi ya fi sau ɗari."

Ya cije ya tura. Manniru ya zura tsirkiyar ta faɗa gurbinta. Ɗanliti ya zare ƙafa ya ɗaga bakan.

Wani abu ne daban. Ƙahonnin nan biyu yanzu gaba suke kallo. Tsirkiya ta miƙe, ya taɓa ta da yatsa ta yi ƙara kamar ta gurmi. Mariƙin ya zauna masa a tafi kamar da hannunsa aka auna. Ya ƙirga taku talatin, ya ɗana, ya ja. Kafaɗarsa ta ɗauki wuta tun bai kai haɓa ba. Bai iya kai shi kunne ba. Ya saki a nan.

Ba wanda ya ga tafiyar kibiyar. Ƙara kawai aka ji, ƙasa ta zubo daga garu. Ta huda kututturen ayaba, kanta ya ɓulla ta baya, gashinta kaɗai ya rage a waje ta gaba.

"La'ilaha illallahu," in ji Babandi.

Ɗanliti ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Ku ji da kunnenku. Kuku ya faɗi daidai, ni na ɗaure shi a baibai. Na ga bai ci ba, na sa masa zare. Fuskar Hadi ni na tsaga ta." Ya dubi Manniru. "Mai tayar ma, tunda ka ce akwai, akwai."

Ya karɓi askar Babandi ya yanke shuɗin zaren, ya jefa a kwata.

Da azahar ya koma Dugbe shi kaɗai da bakan a ɗaure. Ya sami Alhaji Salawu yana duba awon koko. Ya faɗa masa komai a tsaye, bai rage ba. Ya roƙi a jingine buhu. Aka jingine. Ya harba, kibiya ta shige har rabi ta daki bango.

"Na gani," in ji Alhaji. "Na kuma yarda laifin ba na surukinka ba ne."

"To a sake gwada shi. Ko yau, ko gobe."

"Sarkin Baka, kana tsaye na ce wa Ladan aiki nasa ne. A gaban leburorina na faɗa. Ya je ya sallami wancan wurin da yake. Kai da kanka za ka ce in janye maganata?"

Ɗanliti ya tsaya.

"A'a," ya ce. "Kada ka janye."

"In na ji wani na nema, zan aika maka."

Lahadi, Litinin, Talata, ya bi kantunan Gbagi da sitocin bakin tasha ƙofa ƙofa, shi da bai taɓa roƙon kowa komai ba. Masu bukata duk sun riga sun ɗauka tun makon tsoro. Wasu kuma labari ya kai musu, da ya ambaci Hadi sai su ce, au, Malam ɗin da bakansa ya mare shi? Saƙon Alhaji bai zo ba.

Ranar Laraba ya raka su tasha. Tashar cike take da 'yan Arewa masu komawa, da tabarmi da tukwane da kaji a kwando. Kuncin Hadi ya kumbura, tabon ya yi baƙi. Ɗanliti ya ja shi gefe, ya kwance jakar tamfol da ya karɓa daga hannun Manniru, ya nuna masa ɗaurin sau biyu, ya sa shi ya yi da kansa sau biyu. Mutane suka tsaya kallo, bai kula su ba.

"Akwai birai a gonakinku, na sani. In ka gama ka kwance shi, kada ya kwana a ɗaure. Kada ka bar shi a rana."

"Baba, zaren fa?"

"Ba zare. Ka gwada da kanka."

Lailatu na zaune a kan ƙunshin kaya, 'yan matan sun rirriƙe ta. Ya je ya tsaya a gabanta. Ba ta ɗago ba.

"Baba, ya ce hannunsa ne ya suɓuce."

"Rufa mini asiri yake. Ni ne. An gaya mini daidai na ƙi ji."

Ta goge ido da bakin mayafi. "Na yi magana da Mero matar Baba Babandi. Ta ce za ta riƙa aiko maka da tuwo."

"Akwai masu sayarwa."

"Baba, don Allah."

"Na ce akwai masu sayarwa, Auta. Tashi, an buga ƙararrawa."

Ya ɗaga ƙaramar ya miƙa ta ta taga. Babbar ta ce, "Kaka, yaushe za ka zo?" Ya ce ta riƙe hannun ƙanwarta. Jirgi ya yi kuka, ya ja. Ya tsaya har tarago na ƙarshe ya shige kwana, sannan ya tako da ƙafa zuwa Sabo.

Ya buɗe rumfa. Ba komai a ciki sai ƙusoshin da ake rataye bakuna da ƙunshin shuɗin zare a kan taga. Babandi ya leƙo, ya ga fuskarsa, ya koma bai yi tsiya ba. Ɗanliti ya zauna a kan buzunsa har aka kira magariba. Ya yi salla ya dawo ya sake zama, fuskarsa na kallon lungun da Auta da 'yan matanta suka saba ɓullowa.

Da duhu ya fara, ya tashi ya ɗauko kwanonsa, ya ɗauraye shi, ya nufi layin masu tuwo.